Cohen: Sunan da Ya Taso Daga Gidan Annabi Haruna

A tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta birnin Prague, da irinta da ke Warsaw, akwai duwatsun kabari da aka sassaƙa wa hoton hannaye biyu a ɗage, manyan yatsu sun kusa haɗuwa, sauran yatsun kuma an ware su biyu-biyu. Duk inda aka ga wannan alama, wanda ke kwance a wurin kohen ne, wato namijin da danginsa ke cewa daga tsatson Annabi Haruna suka fito, uba bayan uba. Idan buta ce aka sassaƙa, to mamacin daga Lawiyawa yake, sauran zuriyar Lawi ɗan Annabi Yakubu, waɗanda ke zuba wa kohen ruwa a hannu kafin ya sa wa jama'a albarka. Sai dai sau da yawa sunan da ke rubuce a ƙarƙashin hannayen ba Cohen ba ne, wato sunan iyalin da ya fito daga kalmar kohen. Yana iya zama Katz, ko Rappaport, ko wani sunan da bai ko yi kama da kalmar ba. Can gefe kuma sai a tarar da kabarin wani Cohen da babu hannaye a kansa.

A nan mafi yawan masu bin labaran duniya ke yin tuntuɓe. Abu uku ne ke naɗe cikin wannan suna: abin da aka rubuta a fasfo, matsayin mutum a ibadar Yahudawa, da jinin da ya gada. Dokokin gwamnatocin Turai, hijira da auratayya sun raba ukun nan, har ya zama sanin ɗaya ba ya tabbatar da sauran biyun. Wanda ya ga Cohen a kan takarda ya yanke hukunci kan addinin mai sunan, ko asalinsa, balle ra'ayinsa na siyasa, ya yi gaggawa.

A Ibrananci, kohen shi ne mai hidimar ɗakin ibada, wanda ke tsayawa gaban bagade yana miƙa hadaya. Jam'insa kohanim. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara shi da firist. Baƙaƙensa uku, kaf da ha da nun, su ne dai na kalmar Larabci kahin, wadda ta zo a Suratuɗ Ɗur aya ta 29 da Suratul Haƙƙa aya ta 42, inda aka kore wa Manzon Allah (SAW) zargin bokanci. Tushe ɗaya ne, ma'ana ce ta raba hanya: a wurin Larabawan jahiliyya kahin boka ne mai ikirarin sanin gaibu, a wurin Ibraniyawa kuma ma'aikacin haikali ne. Larabawa Kiristoci har gobe da kahin suke kiran limamin cocinsu, haka ma cocin Habasha. Ita kanta Attaura ta kira surukin Annabi Musa kohen na Madayana, alhali ba Ba'isra'ile ba ne, abin da ke nuna kalmar ta fara ne a matsayin sunan aiki kafin ta zama ta gado.

Ɗaliban Sira sun san wannan gado ko da ba su san shi da wannan suna ba. Banu Nadir da Banu Ƙuraiza na Madina ana yi musu laƙabi da Alkahinani, ƙabilu biyu masu danganta kansu ga Annabi Haruna. Daga Banu Nadir Nana Safiyya bint Huyayy ta fito. Tirmizi ya ruwaito cewa lokacin da aka goranta mata cewa ita 'yar Bayahude ce har ta yi kuka, Manzon Allah ya rarrashe ta da cewa ita 'yar annabi ce, baffanta annabi ne, kuma tana auren annabi. Annabi Haruna da Annabi Musa ake nufi da biyun farko.

Abin da ya rage bayan rushe haikali

Lokacin da haikalin Ƙudus ke tsaye, kohanim sun kasu rukuni 24, kowane rukuni na karɓar aiki na mako guda. Ba a ba su gado a rabon ƙasa ba. Da kason amfanin gona da na hadaya suke rayuwa. A shekara ta 70 Miladiyya sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka rushe haikalin, hadaya ta tsaya, jagorancin addini ya koma hannun malamai masana shari'a, waɗanda ake kira rabbi. Wannan bambanci na da muhimmanci: rabbi da karatu ake zama shi, kohen kuwa haifarsa ake yi. Direban tasi da bai yi zurfi a karatu ba yana iya zama kohen, babban malamin garin kuma ba shi ba ne. Aikin ya tafi, amma alfarma kaɗan da hani kaɗan sun saura, kuma su ne suka riƙe tunawa da nasabar kusan shekara dubu biyu.

Alfarma ta farko a karatun Attaura take. Ranakun Litinin da Alhamis mutum uku ake kira su tsaya a gaban naɗaɗɗen littafin, ranar Asabar da safe bakwai. Kira na farko na kohen ne, na biyu na Balawi, ragowar na sauran jama'a. Malaman farko sun faɗi dalili a sarari: don zaman lafiya, kada a riƙa rigimar wa zai fara. In ba Balawi a majami'ar, kohen ɗin da ya fara shi ke maimaitawa.

Ta biyu ita ce sa albarka. Kohen zai tuɓe takalmi, Balawi ya zuba masa ruwa a hannu, ya hau gaban jama'a, ya ja mayafin addu'a ya rufe kansa da hannayensa, ya ɗaga su daidai kafaɗa da yatsu a ware kamar yadda aka sassaƙa a duwatsun nan. Mai jan addu'a na faɗin kalma ɗaya-ɗaya, kohanim na amsawa. Ayoyi uku ne daga sura ta 6 ta Littafin Ƙidaya, kalmomi 15 a Ibrananci, an jera su uku, biyar, bakwai: roƙon Ubangiji ya yi albarka ya kiyaye, ya haskaka fuskarsa ya yi alheri, ya dubi mutum ya ba shi salama. Jama'a kan sunkuyar da kai, ba a kallon hannayen. Sai an cika maza goma ake yi, kuma wanda ya sha giya ko ya taɓa kashe rai ba ya hawa. A Ƙudus kullum ake yi, amma Yahudawan da suka fito daga gabashin Turai, in suna zaune a wajen Isra'ila, sai ranakun manyan bukukuwa. A 1979 masanin tona kayan tarihi Gabriel Barkay ya gano wasu layu biyu na azurfa a wani kogon kabari a Ketef Hinnom, gefen Ƙudus, ɗauke da wannan addu'a. An ƙiyasta an rubuta su wajen shekara 600 kafin Miladiyya, kuma su ne mafi tsufan rubutun wani yanki na Attaura da aka taɓa samu.

Ta uku fansar ɗan fari ce, kuma sharuɗɗanta sun fi yadda ake zato tsauri. Sai jaririn ya zama namiji, shi ne ya fara buɗe mahaifar uwarsa, an haife shi ba ta hanyar tiyata ba, uwar ba ta taɓa yin ɓarin cikin da ya yi ƙwari ba, kuma uban ba kohen ba ne ba Balawi ba, uwar ma ba 'yar ɗayansu ba ce. Idan yaro ya cika kwana 30, a rana ta 31 sai a kawo shi gaban kohen, sau da yawa a kan farantin azurfa an kewaye shi da sarƙoƙin matan gida. Kohen ya tambayi uban wanne ya fi so, ɗansa ko shekel biyar. Uban ya miƙa tsabar azurfa biyar, waɗanda nauyinsu gaba ɗaya ke kai wajen giram 100. Inda ake yawan kuskure shi ne a biya da kuɗin takarda ko cek, domin shari'arsu ba ta karɓar alkawarin biya, sai abu mai daraja a karan kansa. In ranar ta faɗo Asabar, a ɗaga zuwa washegari.

Hanin ya fi alfarmar nauyi. Sura ta 21 ta Littafin Firistoci ta hana kohen kusantar gawa. Ba ya taɓa ta, ba ya zama ƙarƙashin rufi ɗaya da ita, kuma yana barin tazarar kamu huɗu, kusan mita biyu, tsakaninsa da kabari. An yi masa rangwame ga makusanta bakwai kawai: uba, uwa, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwar da ba ta yi aure ba, da matarsa. Shi ya sa ake binne kohanim a bakin maƙabarta, kusa da hanya, don 'ya'yansu su iya ziyara daga nesa kaɗan. Shi ya sa kuma wasu asibitocin Isra'ila ke rataya sanarwa a ƙofa idan akwai gawa a cikin ginin, kuma kohen mai riƙo da addini yakan sha wahala in yana son karatun likita, saboda darasin feɗe gawa.

Hanin aure ne ya fi jawo hawaye. Kohen ba ya auren sakakkiya, ba ya auren wadda ta shigo addinin daga waje. Wadda mijinta ya mutu kuwa halal ce gare shi. In ya karya dokar, auren ya ɗauru, amma 'ya'yan da aka haifa sun fita daga matsayin, su da zuriyarsu. A Isra'ila babu auren kotu, hukumar malamai ce ke ɗaura wa Yahudawa aure, kuma ba ta ɗaura irin wannan. Mutumin da bai taɓa taka majami'a ba sai ya je rajistar aure a ce masa a'a saboda sunansa. Da yawa kan tsallaka Cyprus su yi auren kotu su dawo gwamnati ta yi musu rajista. Haim Cohn, alƙalin Kotun Ƙolin Isra'ila, sai da ya je Amurka a 1966 kafin ya auri Michal Smoira, don ita sakakkiya ce. Ɓangaren Yahudawa masu ra'ayin sauyi, wanda ke da rinjaye a Amurka, ya yi watsi da waɗannan bambance-bambance tun ƙarni na 19.

Daga laƙabi zuwa sunan iyali

Ƙarnuka da dama Bayahude da sunansa da na ubansa ake kiransa, wane ɗan wane, sai a ƙara ha-Kohen a ƙarshe in ya cancanta. Yahudawan Sifen da na ƙasashen Larabawa sun riga saura ɗaukar sunan iyali, wasunsu tun kafin korar da aka yi musu daga Sifen a 1492. Na tsakiya da gabashin Turai kuwa doka ce ta tilasta musu. Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya kafa tasa a 1787, Rasha a 1804 ta kuma jaddada a 1835, Napoleon a 1808, masarautar Prussia ta Jamus a 1812. Dalilin bai wuce haraji, ƙidaya da ɗibar soja ba: gwamnati na son sunan da ba ya canzawa daga uba zuwa ɗa. Bahaushe zai gane wannan, domin rajistar makarantar boko ce ta mayar da Liman, Ladan da Alƙali sunayen iyali, har aka wayi gari jikan Liman injiniya ne da bai taɓa jan sallar jam'i ba.

Kowane akawu da harshensa ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Bajamushe ya rubuta Kohn, Cohn, Kahn ko Cahn. Rashanci ba shi da harafin h, yakan musanya shi da g, sai aka samu Kogan da Kagan, da Kaganovich, wato ɗan Kagan. A Italiya Coen ne, wasu kuma suka fassara ma'anar suka zama Sacerdoti. Kaplan daga kalmar firist ta harshen Poland yake. Kahane siffar kalmar ce a harshen Aramaik. Katz kuwa taƙaitawa ce, haruffan farko na kohen tsedek, firist na gaskiya. A arewacin Afirka, inda masu sunan suka yi yawa har ana rikita su, sai aka riƙa haɗa shi da wani: Cohen-Solal, Cohen-Tannoudji. A tsibirin Jarba na Tunisiya akwai ƙauyen Hara Sghira, kusa da majami'ar Ghriba, wanda aka san mazaunansa Yahudawa da cewa kohanim ne, kuma labarin da suka gada na cewa kakanninsu sun iso ne bayan rushe haikali na farko.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Khan na Pakistan da Afghanistan sarauta ce ta Turkawa da Mongol, ba ruwanta da Kahn. Kaplan a Turkanci damisa ce, kuma dubban Musulmin Turkiyya na amsa sunan. A Ireland akwai Cohan da Coen da suka fito daga sunayen gargajiyar ƙasar, masu su Katolika ne. Kuhn suna ne na Jamusawa tsantsa a mafi yawan lokuta.

Ko a cikin Yahudawan, suna da matsayi na rabuwa ta hanyoyi sanannu. Zama kohen ta wajen uba ake gadonsa, zama Bayahude kuwa, a shari'arsu ta gargajiya, ta wajen uwa. William Cohen, sakataren tsaron Amurka daga 1997 zuwa 2001, ubansa Bayahude ne mai gidan burodi a jihar Maine, uwarsa kuma Kirista ce 'yar asalin Ireland; a ma'aunin malamai masu tsauri shi ba Bayahude ba ne, balle kohen. Ɗan riƙo na ɗaukar sunan ba tare da matsayin ba. Mace na samunsa ta aure. Bayan 1827, da Sarki Nicholas na Farko na Rasha ya fara ɗibar yaran Yahudawa aikin soja na shekara 25, iyalai sun riƙa rubuta 'ya'yansu da sunan wasu gidaje don su tsira, sunaye suka cakuɗe. Ta ɗaya ɓangaren, Abraham Isaac Kook, babban malamin Yahudawan Turai a Falasɗinu daga 1921, kohen ne cikakke, kuma sunan iyalinsa bai nuna haka ba.

Wasu kuma da gangan suka yar da sunan. Masanin harshe Dietz Bering ya bi takardun neman canjin suna a Prussia ya tarar Cohn ne kan gaba cikin sunayen da masu su ke roƙon a raba su da su, saboda ya zama abin zolaya a titi da wurin neman aiki. Gudun bai yi amfani ba: a 1938 gwamnatin Nazi ta tilasta wa mazan Yahudawa ƙara Israel a sunansu, mata kuma Sara, don kada canjin suna ya ɓoye kowa. Labarin da ake yawan bayarwa cewa jami'an shige da fice na tsibirin Ellis na New York ne ke canza wa baƙi suna ba shi da tushe; daga jerin fasinjojin da kamfanin jirgin ruwa ya rubuta tun a tashar Turai suke karantawa, baƙin ne da kansu ke sauya suna daga baya.

Saboda haka mai bin nasaba ba ya tsayawa kan sunan iyali. Yakan nemi rubutun Ibrananci da ke kan kabarin uba da na kaka, ya duba takardar aure ta addini, inda ake rubuta ha-Kohen bayan sunan ango, ya tambayi dattawan majami'a ko ana kiran mutumin farko a karatu. In biyu daga ciki suka saɓa, to akwai inda zaren ya tsinke. A Isra'ila ta yau Cohen ne sunan iyali mafi yawa, kusan mutum ɗaya cikin 50, Levi na biye da shi, sannan Mizrahi.

Me jini ya ce?

Tunda daga uba zuwa ɗa ake gadon matsayin, haka kuma kuromosom Y, sashen ƙwayoyin gado da maza kaɗai ke da shi, ke tafiya, ana iya gwada ikirarin. Karl Skorecki, likitan ƙoda wanda shi ma kohen ne, tare da Michael Hammer na Jami'ar Arizona, sun wallafa binciken farko a mujallar Nature a 1997, kan maza 188. A shekarar da ta biyo wani binciken ya ware alamomi shida a kan kuromosom ɗin, ya tarar kusan rabin kohanim na ɗauke da su, na Turai da na ƙasashen Larabawa baki ɗaya, alhali a sauran Yahudawa abin bai wuce ɗaya cikin goma ko sama kaɗan ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Al'ummomin da suka rabu fiye da shekara dubu, wasu a Lithuania wasu a Maroko, sun riƙe labari ɗaya, kuma jininsu ya goyi bayan wani ɓangare nasa.

Jaridu suka yi ta shelar an gano ƙwayar halittar Annabi Haruna, wanda kuwa ya wuce gona da iri. Alamomi shida sun yi kaɗan. Ana samun irinsu a Larabawa, Kurdawa da wasu mutanen yankin. A 2009 Hammer da abokan aikinsa suka faɗaɗa gwajin zuwa alamomi 12, suka tarar kashi 46 cikin ɗari na kohanim na cikin reshe ɗaya da ake kira J-P58, wanda kakansu na tarayya ya rayu kimanin shekara 3,000 da suka wuce, da kuskuren lissafi na kusan shekara dubu gaba ko baya. Sauran sun warwatsu a rassa daban-daban, ma'ana ba daga namiji ɗaya dukkansu suka fito ba. Shi kansa reshen J-P58 ya fi yawa a Yaman da sauran Jazirar Larabawa. Gwajin na iya nuna cewa maza da yawa sun haɗa kaka. Ba ya iya faɗin sunan kakan.

Labarin Lemba na Zimbabwe da arewacin Afirka ta Kudu ya nuna haɗarin gaggawa. Mutane ne da ba sa cin alade, suna kaciya, suna kuma cewa kakanninsu daga wani gari mai suna Sena suka zo ta teku. A 2000 aka tarar kusan rabin mazan zuriyar Buba, gidan da ke jagorantar al'adunsu, na da alamomin nan shida. Da aka sake gwadawa da ma'auni mai faɗi, sai ya tabbata lallai suna da kakanni maza daga Gabas ta Tsakiya, amma ba a samu ainihin tambarin kohanim ba. Samariyawa na Dutsen Gerizim kusa da Nablus, waɗanda ba su kai dubu ɗaya ba, suna da gidan firistoci mai amsa sunan Cohen, kuma gwajin 2004 ya sa su a wani reshe dabam, E. Malaman Yahudawa dai ba sa karɓar sakamakon DNA a matsayin hujjar zama kohen. Abin da uba ya gaya wa ɗa, jama'a kuma suka saba da shi, shi ne hujja.

Masu sunan

A fagen kimiyya akwai Stanley Cohen har uku, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko masanin sinadaran jiki ne da ya lura cewa in aka yi wa jariran ɓeraye allurar wani ruwa daga gilan ɗin yawun ɓera, idanunsu kan buɗe, haƙoransu su fito kwanaki kafin lokaci. Bin diddigin wannan ya kai shi ga gano sinadarin da ke sa ƙwayoyin fata girma, wanda a yau wasu magungunan kansa ke aiki ta hanyar toshe masa ƙofa. Ya samu kyautar Nobel a 1986 tare da Rita Levi-Montalcini ta Italiya: Cohen da Levi a kan dandamali ɗaya. Na biyu, Stanley N. Cohen na Jami'ar Stanford, shi da Herbert Boyer ne suka fara yanko ƙwayar gado daga wata halitta suka dasa a cikin bakteriya a 1973. Insulin ɗin da bakteriya ke sarrafawa, wanda aka amince da shi a 1982 kuma masu ciwon suga ke amfani da irinsa a ko'ina, daga wannan dabara ya samo asali. Na uku masanin zamantakewa ne haifaffen Johannesburg, wanda ya koyar a Ƙudus ya kuma yi aiki da masu kare haƙƙin ɗan Adam wajen fallasa azabtar da Falasɗinawan da ake tsare da su.

Paul Cohen ya warware tambayar da Georg Cantor ya bari tun 1878, wadda David Hilbert ya sa farko a jerin matsalolinsa na 1900: shin akwai wani girma na rashin iyaka tsakanin yawan lambobin ƙirga da yawan ɗigon da ke kan layi? Kurt Gödel ya riga ya nuna ba za a iya ƙaryata amsar a'a ba. A 1963 Cohen ya nuna ba za a iya tabbatar da ita ba ma, da ƙa'idojin lissafi da aka yarda da su. Ya karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta fannin lissafi, a 1966. Claude Cohen-Tannoudji, haifaffen Constantine ta Aljeriya a 1933, ya samu Nobel na 1997 kan sanyaya ƙwayoyin zarra da hasken leza. Robert Kahn da Vinton Cerf ne suka tsara ƙa'idar da kwamfutoci ke magana da juna a intanet, a 1974. A kasuwa, Jack Cohen ya fara da tebur a kasuwar Hackney ta Landan a 1919. Haruffa biyu na ƙarshen Tesco, kamfanin manyan kantunan da ya kafa, daga sunansa aka ɗebo su. Mawaƙin Kanada Leonard Cohen, da ya yi wasa a Ramat Gan a 2009, ya rufe taron da ɗaga hannu yana karanta addu'ar nan ta kalmomi 15.

A siyasa ne ya fi fitowa fili cewa sunan ba linzami ba ne. Eli Cohen, haifaffen Iskandariyya, ya shiga manyan Siriya da sunan Kamel Amin Thaabet yana yi wa Isra'ila leƙen asiri, aka rataye shi a dandalin Marjeh na Dimashƙu ranar 18 ga Mayu, 1965. Wani Eli Cohen ɗin dabam ne ya riƙe ministan harkokin wajen Isra'ila a 2023. Meir Kahane ya kafa jam'iyyar Kach mai kiran a kori Larabawa, har Isra'ila da kanta ta hana ta shiga zaɓen 1988 saboda wariyar launin fata. Lazar Kaganovich na hannun daman Stalin ne, ba ruwansa da kowane addini. Elena Kagan alƙaliya ce a Kotun Ƙolin Amurka tun 2010. Ben Cohen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ice cream na Ben & Jerry's, ya goyi bayan daina sayar da kayan kamfanin a matsugunan Yahudawa na Yammacin Kogin Jordan a 2021, kuma a 2025 'yan sanda sun fitar da shi daga zaman wani kwamitin majalisar dattawan Amurka yana zanga-zanga kan Gaza. Masu tattara irin waɗannan sunaye a shafukan sada zumunta su ce ga dangi ɗaya da ke juya duniya ba su duba cewa mutanen nan ba su haɗa gida ba, ba su haɗa aƙida ba, wasunsu ma ba za su iya zama ɗaki ɗaya ba. Zalunci ne a ɗora wa mutum laifin wani saboda haruffa biyar.

Wasu masu sunan sun taɓa tarihin Afirka kai tsaye. Andrew Cohen ya shugabanci sashen Afirka a ofishin mulkin mallaka na Ingila daga 1947, lokacin da aka fara karkata daga mulki ta hannun sarakuna zuwa majalisun zaɓe, kafin ya zama gwamnan Uganda, inda ya kori Kabaka Mutesa na Biyu, sarkin Buganda, a 1953. Herman Cohen ya riƙe ofishin Afirka a ma'aikatar harkokin wajen Amurka daga 1989 zuwa 1993. Ronald Cohen ya yi bincike a Borno ya wallafa nazari kan Kanuri a 1967.

Wanda ya fi kusa da Hausawa shi ne Abner Cohen, haifaffen Bagadaza a 1921, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan tsakanin 1962 da 1963. Tambayar da ya je da ita mai sauƙin faɗa ce: yaya baƙi 'yan tsiraru suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa, ba banki, ba takardar yarjejeniya? Ya bi yadda maigida ke saukar da fatake, ya ciyar da su, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu lamuni idan mahauci ya ɗauki sa bashi, da yadda dillalansa ke riƙe da sanin wane mahauci ne mai biya, wane ne mai taurin bashi. Ya nuna cewa da ikon da Turawa suka ba Sarkin Sabo ya fara raguwa a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi Tijjaniyya gadan-gadan, suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsayar da Juma'arsu a cikin Sabo. A littafinsa na 1969 ya bayyana wannan a matsayin hanyar da al'ummar ta bi ta sake ɗaure kanta, ta kare amanar da cinikinta ya dogara a kai, kuma har yau masu nazarin zango-zangon Hausawa daga Kumasi zuwa Yawunde da aikinsa suke farawa.